Daga Hotoro Zuwa Agadas A Cikin Mota Mai Ɗaki

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya ya gabatar a wajen taronmu na shekara-shekara



Shugaban wannan ƙungiya tamu mai albarka, iyayenmu malamai waɗanda suka sha ɗawainiyarmu tun ba mu san ciwon kanmu ba, yayyenmu da suka riga mu fita daga wannan makaranta, 'yan ajinmu, da kuma ƙannenmu ɗalibai da nake hangowa can baya a jikin taga, ina yi muku barka da zuwa, da fatan Allah ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Makonni uku da suka wuce Malam Sakatare ya same ni har gida a Hotoro, ya ce tun da na ishi 'yan majalisarmu da labarin Agadas kullum bayan sallar isha'i, to gara in zo nan in amayar da shi gaba ɗaya, ko Allah ya sa su huta. Na ce masa ni ma'aikacin gwamnati ne, abin da na iya shi ne rubuta takarda in miƙa wa na sama da ni. Ya ce to in rubuta in karanta. Shi ya sa kuka gan ni da takarda a hannu, sai a yi mini afuwa.

Asalin wannan tafiya daga bakin mahaifina ta fito, Allah ya jiƙansa. Ya sha ba mu labarin cewa a shekarun 1970 da 1980, idan hunturu ya kama, mutum ya bi ta titin Bompai wajen masaukin 'yan yawon buɗe ido, zai ga motocin Turawa jere, sun yi buɗu-buɗu da ƙura, an ɗaure musu jarkoki da tayoyi da shebur a sama. A cikin kowace akwai gado da murhu da wurin ajiye tufafi, wato gida ne sosai aka ɗora a kan taya. Daga Turai suke shigo da su cikin jirgin ruwa zuwa Aljeriya, su gangaro Tamanrasset, su ƙetare iyaka a Assamaka, su biyo Arlit da Agadas da Damagaram, sa'annan su sauka Kano su yi wanka su huta. Wasu kuma tsofaffin Peugeot 504 suke korowa su sayar a Nijar su koma gida a jirgin sama. A waɗannan shekarun ne kuma ake tseren motoci na Paris zuwa Dakar, wanda ya sha ratsawa ta Agadas, har a 1982 ɗan Firayim Ministar Ingila, Mark Thatcher, ya ɓata kwana shida a saharar Aljeriya kafin a gano shi. Wannan zirga-zirga ta mutu a farkon shekarun 1990, sa'ad da rikici ya ɓarke a Aljeriya, aka kuma yi tawayen Abzinawa a arewacin Nijar wanda bai lafa ba sai 1995. Mu da muka yi wayo bayan haka ba mu ga komai ba, ji kawai muka yi.

Abin da ya riƙa ci mini rai shi ne, yaya Bature zai taso daga wata uwa duniya ya bi wannan hanya, alhali kuwa hanyar kakanninmu ce? A cikin birnin nan akwai unguwar Agadasawa. Akwai Dandalin Turawa, inda Larabawan Gadamus da Tarabulus suka zauna, domin a da su ake kira Turawa. Turkuɗin da Buzaye suke naɗawa a Kura ake rina shi. Da ayarin raƙuma kaya suke shigowa kasuwar Kurmi, har zuwa lokacin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 ya juya fuskar ciniki zuwa kudu. Duk an koya mana wannan a cikin ajin can da ke bayanku, muka haddace, muka ci jarrabawa, amma babu ɗayanmu da ya taɓa wuce Daura.

To, a 2018 sai muka haɗa kai mu uku, ni da wani ɗan ajinmu likita da wani malamin makaranta, muka yi karo-karo muka sayi tsohuwar Toyota Hiace, wato Hayis, wadda ta gama shan wahalar hanyar Wudil. Muka kai ta garejin wani bakanike a Gyaɗi-Gyaɗi, dattijo ne wanda ya yi yaron mota a hanyar Nijar yana saurayi. Ya cire kujerun baya, mai walda ya yi mana gado mai hawa biyu, kafinta ya shimfiɗa katako ya yi akwatuna a ƙarƙashi. Aka sa tankin ruwa mai cin lita 100 da ɗan famfo, da tukunyar gas, da batir na biyu domin fitila da cajin waya. Kayan gyara kuwa a Ƙofar Ruwa muka haɗo su, fanbel da fulogi da safaya biyu. Wata huɗu ana wannan aiki, 'yan unguwa suna zuwa kallo, wasu suna cewa motar ɗaukar gawa ce muke haɗawa. Da aka gama, sai Baba bakanike ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Yanzu ku ukun nan, wa ya iya faci a cikinku?" Muka yi shiru. Ya ce, "To ku ƙara katifa, da ni za a." Wallahi ba don wannan magana tasa ba, da wani ne yake tsaye a nan yau yana ba ku labarinmu.

Mun tashi a watan Disamba na 2018, bayan sallar asuba. Muka bi Kazaure, muka tsaya Daura muka leƙa rijiyar Kusugu, muka isa iyaka a Kongolam. A lokacin Nijar tana cikin ƙungiyar ECOWAS, saboda haka takardun tafiya da katin allurar shawara da inshorar mota da takardar izinin shiga da ita su ne abin da aka nema, ko da yake jandarmomi sun fi ɓata lokaci wajen leƙen gadonmu suna dariya. Daga nan sai Matamai, sai Kance, sai Takeita, muka shiga Damagaram da la'asar. Tsakaninta da Kano bai wuce kilomita 240 ba, kusan tafiyar Kaduna ke nan.

Ba zan daɗe a kan Damagaram ba, domin da yawanku kuna da dangi a can. Ita ce hedkwatar Nijar har zuwa 1926 da Faransawa suka mayar da ita Yamai, kuma wanda ya zaga Birni ya ga fadar Sarki da gidajen ƙasa masu zane, zai rantse a cikin Kano yake. Abin da ya ba mu wuya lissafin kuɗi ne. Su sefa biyar ita ce dala, saboda haka idan mai shayi ya ce maka dala ashirin, sefa 100 yake nufi. Likitanmu da ya yi shekara shida a jami'a sai da yaron mai shayi ya koya masa lissafi.

Daga Damagaram zuwa Agadas kimanin kilomita 450 ne, kuma a nan ne ƙasa take fara canza kama. Za ka wuce matatar man Soraz wadda aka buɗe a 2011, ka shiga ƙasar Damargu har Tanut, kana ganin gonakin gero suna raguwa, kuka tana ɓacewa, sai ƙaya da ƙarangiya da tumfafiya. Bayan Tanut sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga rufin gida ba, waya ma ta ɗauke. A wancan lokaci kwalta ta mutu a wurare da dama, har manyan motoci sun gwammace su sauka gefe su yi tasu hanyar a cikin rairayi, ta yadda za ka ga sawu biyar ko shida sun rabu, kowanne yana kama da na gaskiya.

Jama'a, yanzu na zo inda nake so a saurare ni da kyau, domin laifin nawa ne, kuma gara in faɗa da bakina kafin likita ya riga ni.

Mun wuce Adarbisanat da wajen ƙarfe uku na yamma, ni ke tuƙi, Baba yana barci a gadon baya. Hazo ya sauko. Muka zo inda hanya ta farfashe, na ga wani sawu ta hannun dama mai laushi, babu gargada, na bi shi. Malamin makaranta ya ce mu tashi Baba mu tambaye shi, na ce a bar dattijo ya huta. Muka yi ta tafiya har na lura cewa na daina hango kwalta, sawun kuma sai ƙara sirancewa yake yi. Na ce bari in juya. Ina karya kan mota sai tayoyin baya suka nutse. Hayis da tayoyin baya take ja, ga nauyin tanki da gado da katako duk a kansu. Maimakon in tsaya, sai na yi abin da kowane direban birni zai yi, na taka totur. Tayoyi suka yi ta haƙa har cikin motar ya zauna a kan rairayi, inji ya yi zafi, tiyon lagireto ya fashe, tururi ya turnuƙe. A nan Baba ya farka. Bai yi faɗa ba. Ya fito ya zaga motar sau ɗaya, ya ce, "Yallaɓai, ruwa nawa ya rage?"

Muka buɗe tanki, sai muka tarar ya kusa ƙarewa. Ashe tun daga Damagaram muke wanka da wanke-wanke kamar muna gida, ga shi famfon yana ɗiga ba mu sani ba, kuma a Tanut da Baba ya ce a cika, ni ne na ce ai da saura. Da muka haɗa na tanki da na jarka, abin da ke hannunmu bai fi lita 30 ba, mu huɗu, kuma lagireto kaɗai zai sha kusan kashi ɗaya cikin uku.

Sai gardama ta tashi. Likita ya ce shi zai bi sawunmu da ƙafa ya koma kwalta ya tare mota, tun rana ba ta faɗi ba. Ni ma na goyi bayansa, don kunya ta ishe ni, ina neman abin yi. Baba ya ce babu mai barin motar nan. Ya ce iska tana shafe sawu cikin sa'a guda, kuma mai nema yana iya hango mota daga nesa, amma mutum ɗaya a cikin hazo ko ɗan'uwansa ba zai gan shi ba. Likita ya ce, "Baba, to zama za mu yi mu mutu?" Ya ce, "Zama za mu yi mu kwana. Rairayi da rana gari ne, da asuba kuwa sanyi yana ɗaure shi." Ya raba ruwa, kowa kofi biyu zuwa safe, alwala kuma aka koma taimama. Ya yanka tsohon tub ya naɗe tiyon, ya ɗaure da waya. Muka tsinci itace muka hura wuta.

Ban taɓa jin sanyi irin na wannan dare ba, ban kuma taɓa ganin taurari da yawa haka ba bayan hazo ya kwanta, amma ba zan yi muku ƙarya in ce na ji daɗinsu ba. Ina kwance ina tuna cewa na gaya wa maiɗakina kada ta damu in ta ji shiru kwana biyu, wato da hannuna na kashe duk wanda zai neme mu da wuri.

Da asuba muka yi salla, Baba ya sa muka rage iskar tayoyi har suka yi taushi, domin su baje a kan rairayi. Muka haƙa gaban kowace taya da shebur da kwano, muka ɗaga motar da jak. Abin da za a shimfiɗa a ƙarƙashi ne babu, domin farantan ƙarfen nan masu huji da Turawa suke ɗaurawa a jikin motocinsu mun ɗauka ado ne, ba mu nema ba. Sai Baba ya ce a ɓalle gado. Katakon da kafinta ya yi mako biyu yana gogewa, shi muka jera a ƙarƙashin taya. Baba ya shiga ya sa giya ta biyu, ya ja a hankali, mu uku muna turi. Ta yi gaba kamar taku goma ta sake zama. Muka kwaso katako muka sake jerawa. Sau bakwai muka yi haka.

Muna cikin na bakwai ne wani dattijo Ba'abzine ya ɓullo a kan raƙumi, ya ce tun dare ya hango wutarmu. Ya yi mana sallama da Hausa tsantsa, ya ce, "Samari, daga ina?" Muka ce daga Kano. Ya ce ya sani, tambaya dai ya yi. Ya sauka ya dafa mana shayi, sa'annan ya nuna yamma da sandarsa, ya ce ga hanya can bayan tudun nan. Ko kilomita biyu ba a yi ba. Ashe sawun da na bi ya karkato ya jera da kwalta, mun kwana muna jin tsoro a bayan ɗakinta. Da likita ya bi sawunmu da daddare, da ya yi ninkin wannan sau uku, in har bai ɓata ba. Muka miƙa wa dattijon kuɗi ya ƙi karɓa, ya ce in akwai sukari dai yana so.

Na ga wasu suna dariya, kuma abin dariya ne tun da ga ni a tsaye. Amma ku tuna da Kance da na ce mun wuce. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito, Hausawa 'yan'uwanmu. Motocinsu biyu ne suka lalace, ruwa ya ƙare, suka bazu da ƙafa suna neman rijiya. Abin da ya same su shi ne ya fara samunmu, sai dai mu a gefen hamada muke, a cikin hunturu, ga kuma Baba.

Mun shiga Agadas da azahar, bayan mun gangara dutsen Tigidit. Tun daga nesa hasumiyar babban masallaci take yi maka maraba. Tsawonta mita 27, da ƙasa zalla aka gina ta da itatuwa a jiki, tun wajen 1515, aka sabunta ta a 1844, kuma a 2013 hukumar UNESCO ta sa tsohon garin cikin wuraren tarihi na duniya. Mun hau ta ta wani matsattsen tsani wanda mai tumbi irin na Shugaba ba zan ba shi shawarar gwadawa ba. Mun ga fadar Sarkin Abzin. Mun ga gidan da Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya sauka a 1850 kafin ya biyo ayarin gishiri ya iso Kano a watan Fabrairu na 1851. A kasuwar raƙuma mun ga kantun gishirin Bilma, wanda har yanzu akwai masu ɗauko shi a kan raƙumi ta cikin Tenere, tafiyar kusan kilomita 600. A can ne aka yi wata itaciya tilo wadda ayari suke saiti da ita, babu wata a kusa da ita ko ta ina, amma a 1973 wani direba ya rasa abin da zai buge a duk faɗin hamada sai ita. Gangar jikinta tana gidan tarihi na Yamai. Da na ji wannan sai na ɗan sami sauƙi, na san akwai wanda ya fi ni iya tuƙi. Kuma duk inda muka shiga Hausa ake yi, ko sau ɗaya ba mu nemi tafinta ba.

Mun so mu wuce Timiya cikin duwatsun Abzin, masu masaukinmu suka ce wannan ba hanyar Hayis ba ce, kuma ba a shiga sai da ja-gora da rakiya. A wannan karo ban yi musu ba.

Daren da za mu juyo, muna zaune wajen mai shayi kusa da tasha, sai na ji wani yaro yana magana, na ce wannan bakin Kano ne. Ɗan Tarauni ne, bai fi shekara ashirin ba, har ya san layinmu. Ya sayar da babur ɗin yayansa ya taho, yana jiran motar Libiya. A lokacin dokar 2015 wadda ta haramta safarar baƙin haure tana aiki, saboda haka direbobi suna kauce wa rijiyoyi da shingen soja, su bi inda babu kowa, abin da ya ƙara wa tafiyar haɗari. Ya kwatanta mana yadda ake loda mutum fiye da ashirin a bayan Hilux, kowa da sanda a tsakanin ƙafafu don kada ya faɗo, da jarkar ruwa ɗaya. Muka ba shi labarin darenmu. Baba ya ce masa, "Ɗana, ga wuri a motarmu, ba za ka biya ko kwabo ba, ni zan kai ka wurin yayanka in ba shi haƙuri." Yaron ya sunkuyar da kai, ya ce da wace fuska zai koma. Muka yi juyin duniya ya ƙi. Daga ƙarshe muka ba shi jarkarmu guda, shi kuma ya roƙe ni in gaya wa mahaifiyarsa cewa na gan shi lafiya. Da muka dawo na nemi gidan na isar da saƙo daga zaure. Ta yi shiru a bayan ƙofa, can ta ce, "Malam, yana da bargo?" Na ce yana da shi. Allah ya yafe mini, ban ga bargo a hannunsa ba.

Ƙannenmu na bakin taga, wannan yaro sa'anku ne, kuma ya gama sakandare kamar yadda za ku gama. Yayyenmu masu kamfani da masu ofis, ku ma kun ji.

Wasu 'yan ƙungiya sun tambaye ni ko za mu shirya irin wannan tafiya da sunan ƙungiya. Amsata ita ce abubuwa sun canza ƙwarai tun 2018. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a watan Agusta na 2019 har zuwa ƙarshen 2020. An yi juyin mulki a Nijar ranar 26 ga Yuli, 2023, aka sake rufe iyaka har zuwa Maris na 2024. An soke dokar nan ta 2015 a Nuwamba na 2023, Nijar kuma ta fita daga ECOWAS a Janairu na 2025, kuma a cikin 2025 ɗin aka sace wasu Turawa mata biyu a cikin garin Agadas kansa. Saboda haka a ra'ayina, in za a yi, a fara da Daura da Damagaram, a yi kwana uku a dawo, bayan an tambayi masu bin hanyar a makon da za a tashi. A tafi da mota biyu. A cika ruwa a duk inda aka ga famfo ko da tanki bai yi rabi ba, a ware na mota daban da na sha. A bar wa wani a gida ranar da za a kira shi da abin da zai yi in bai ji kira ba. Kuma a ɗauki bakanike, a ba shi kujerar gaba.

Motar tana nan a ƙofar gidana a Hotoro, an mayar mata da gadonta, ko da yake katako biyu suna can Adarbisanat. Duk wanda yake son ganin yadda aka haɗa ta, ya zo ranar Asabar bayan la'asar.

Shugaba, na ga Malam Sakatare yana nuna mini agogo. Allah ya jiƙan malamanmu da 'yan'uwanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa wannan ƙungiya haɗin kai.